Hannun Kawu Bawa da Jirgin Faiba

Sai da muka kai Agadas na fara lura da yadda baƙi ke kallon hannun Kawu Bawa. A gida ban taɓa kula ba, don da shi na tashi, shi ya sha murɗe mini kunne. Wani Buzu da muka ci shinkafa tare a tasha ya kama tafin ya juya shi, ya tambaya ko Kawu maƙeri ne. Kawu ya ce shi magini ne, rufewa yake ginawa, wato rumbun ƙasa. Daga garinmu Dauran har ƙauyukan Shinkafi, in ka ga rufewa mai sulɓi kamar an lashe ta, to wannan tafin ne ya shafe ta. Ba shi da gonar kirki, ba shi da dabba. Hannun nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Kawu Bawa wan mahaifiyata ne. Ni kuwa, Lawali, na gama sakandare a Kaura Namoda daidai lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, muka ɗauka kowa zai samu kujera da fanka a Gusau. Na yi ta zarya ana ce mini in dawo jibi, har takalmina ya gaji kafin ni. Da na ce Libiya za ni, inna ta ce ba ni kaɗai ba. Shi ma Kawu damina ta ƙi a jere, babu hatsin zubawa balle a nemi mai gina rufewa. Sai aka haɗa mu a kan shi zai tsare mini salla, ni in tsare masa Turanci. Ba mu sani ba ashe duk inda za mu Turancina ba ya sayen ko burodi.

Ba zan cika ku da labarin sahara ba, duk wanda ya bi ta ya riga ya ba da shi. Mun hau saman babbar mota a kan buhuna, muna shan ruwan jarka mai warin fetur. Abin da na riƙe shi ne Kawu bai taɓa barin lokacin salla ya wuce ba. In mota ta tsaya, kafin wani ya gama miƙe ƙafa shi har ya buga taimama. Da muka shiga Libiya direba ya sauke mu, ya nuna wasu gine-gine can nesa ya ce ga Sabha nan. Muka taka har ƙafa ta kumbura, muka tarar wani ƙauye ne da ko sunansa ba mu iya faɗa ba.

A Sabha mun buga bulo, a Tarabulus mun yi dakon siminti, muna kwana a kangon gini tare da wasu 'yan Maradi. Da kame ya yi yawa, wani dillali mai shige da fice ya ce akwai aiki a Tunisiya wajen masu ƙera jirgin ruwa, a inuwa, ba mai damun ka. Ya karɓi fasfonmu wai zai buga mana hatimi, ya tsallakar da mu iyaka ta bayan gari, ya ce mu jira shi a gindin wani icen zaitun. Ina jin da mun biye masa da har yau muna gindin icen. Haka muka shiga ƙasar mutane ba mu da ko takardar tsire da za mu nuna, kuma wannan ne ya ɗaure mu daga baya.

Wurin aikin wata doguwar rumfar kwano ce a bakin teku, a gefen wani ƙaramin gari. Tun daga ƙofa wani wari mai hawa kai ya buge mu. Mai wurin, Si Hamadi, wani gajere mai yawan duban ƙofa, ya ɗauke mu don mun fi 'yan gari sauƙi. Ya ba mu ɗaki a bayan rumfar, ya ce kada mu riƙa yawo. Akwai kuma wani tsohon Bafaranshe mai suna Piyar, shi ne mai zana jirgin da za a ƙera. Da Larabcin kasuwa da na tsinta a Libiya, da nuni da hannu, muke fahimtar juna.

Jirgin da Piyar ke so ƙarami ne, bai fi tsawon bas ba sosai. Ba na kamun kifi ba ne, ba na dakon kaya ba, na shan iska ne kawai. A ciki za a yi gadaje da murhu da makewayi, a sama a kafa dogon ƙarfe a ɗaura masa ƙaton ƙyalle, iska ta riƙa turawa. Da na fassara wa Kawu, ya tambaya ina masu shi za su. Na ce ba ko'ina, su je ne su dawo.

"Injin hwa?" in ji shi.

Na ce akwai ɗan ƙarami, amma ba su son kunna shi. Kawu ya ce lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa.

Piyar ya share daɓen rumfar ya shafe shi da farin fenti, ya durƙusa yana zana jirgin da girmansa na gaske. Yakan lanƙwasa siririyar sanda tsakanin ƙusoshi ya bi ta da fensir, ya yini a kan layi ɗaya, ya goge, ya sake. Yana son cikin ya yi faɗi don mutane su sake, amma in ya cika faɗi ruwa zai riƙe shi ya hana shi gudu. Yana son ya iya shiga ruwa marar zurfi, amma in nauyin dalmar da ake ɗaurawa a ƙarƙashi bai nutsa sosai ba, iska za ta kwantar da shi. Kullum cikin wannan cinikin yake da kansa. Kawu ya so shi saboda haka, ya ce shi ma haka yake fama tsakanin cikin rufewa da wuyanta.

Daga zanen aka yanka katakai aka haɗa jirgi sukutum a kife. Muka shafe shi da wani farin kwaɓi, muka yi ta gurza da sanfefa har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Sai da muka gama aka ce mana wannan ba shi ne jirgin ba, jefar da shi za a yi. A jikinsa aka ɗauki mazubi, irin dabarar buga bulo, a cikin mazubin ne za a riƙa fitar da jirage na gaskiya. Kawu ya ce bai taɓa ganin masu gina gida don su rushe ba sai a nan.

Ainihin aikin shi ne faiba. Wani farin ƙyalle ne da aka yi da zaren gilashi, in ka taɓa ya bar maka ƙaiƙayi irin na gero. Akan goge mazubi da kaki don kada jirgin ya manne, a fesa farin fenti mai kauri, sannan a shimfiɗa ƙyallen a jiƙa shi da rezin, wani danko mai kama da zuma, shi ne mai warin nan. Da an ɗiga masa maganin daskarewa, to sai sauri, don ba ya jiran kowa. A bi da 'yar rola a kore iskar da ta maƙale, a bari ya sha, a ƙara wata shimfiɗar a kai, haka har ya yi kauri.

Ranar farko Kawu ya duba ya yi murmushi. Ya ce wannan ai ginin rufewa ne, laka da ciyawa, a aza a jira a sake azawa. An ba mu safar hannu ta roba, siririya, mai yagewa tun kafin rana ta take. Kawu ya cire tasa ya yar. Ya ce shi da tafi yake jin inda iska ta ɓuya, roba kuwa makantar da shi take yi. A lungunan da rola ba ta shiga sai ya sa yatsu ya danna ya lailaye, yadda ya saba yi wa laka. Si Hamadi ya ga aiki na sauri, bai hana ba. Piyar ya yi faɗa, ya ga tsoho ba ya ji, ya ƙyale. Ni ma na sa baki, aka tuna mini cewa ranar sunana yana wurin.

Matsalar ta fito ne da azahar. Rezin in ya bushe a fata ba ya fita da ruwa, ba ya fita da sabulu. Kawu ya tsuguna da buta, ya zuba ruwa a hannu, ya ga ruwan na gangarewa a kan danko bai taɓa fata ba. Ya ce malaminsu na Shinkafi ya karantar da su cewa duk abin da ya tare ruwa daga fata, alwala ba ta yi ba, in kuwa alwala ba ta yi ba babu salla. Akwai wani ruwa a jarka mai suna asiton, da shi ake wanke rola da buroshi, ga sanyi ga saurin bushewa. A ciki Kawu ya tsoma hannuwansa, ya kankare saura da 'yar wuƙa har ƙarƙashin farce. Haka ya riƙa yi duk sallar da ta same mu a bakin aiki.

Fatar ta fara yin fari, ta bushe, ta yi faso irin na dunduniya, zaren gilashi ya riƙa shiga cikin tsagar. Sanyin bakin teku ya shigo ya ƙara tsananta abin. Da safe sai in ga yana ƙoƙarin dunƙule hannu yana kasawa. Abincin garin nan barkono ne a kan komai, in ya sa hannu a kwano sai hawaye, har ya koma cin abinci da cokali yana juya mini baya don kunya. Wani tsohon ma'aikaci, Ammi Salah, wanda ba mu taɓa doguwar hira da shi ba, ya riƙa kawo man zaitun a 'yar kwalba daga gidansa, ya kama hannun Kawu ya shafa masa da kansa yana girgiza kai. Wata rana ma ya zo mana da kuskus daga matarsa, Kawu ya ce burabusko ne da bai ji gero ba, amma ya cinye tas.

Ammi Salah ne ya kai mu wajen limamin unguwa. Liman ya duba hannun, ya ce wannan lalurar sana'a ce, ya wanke abin da ya sawwaƙa ya yi sallarsa, Allah bai ce ya cuci kansa ba. Sai dai maganar ta bi ta bakin Ammi Salah, ta bi ta Larabcina na kasuwa, kafin ta isa kunnen Kawu ta rame. Ga shi kuma limamin ba gemu, yana sanye da kwat da wando. Da muka fito Kawu ya dube ni.

"Lawali, kai kac ce, ko shi yac ce?"

Na rantse masa, amma na ga bai gamsu ba.

Ana cikin haka muka kama sashen Hausa a 'yar rediyonmu, muka ji an ƙaddamar da shari'a a Gusau, gari ya cika ba masaka tsinke. Kawu ya yi kuka, rabi murna rabi kewar gida. Ni ma kewa ta taso mini, na tuna furar kasuwar Shinkafi da muryar inna tana kiran awaki. Na ga zuciyarsa ta yi laushi, sai na roƙe shi mu bar aikin nan. Ya ce mu je ina ba fasfo. Na ce to ya sa safa. Ya sa, ta yage, danko ya shiga cikin tsagar ya fi da muni. Na ce to ya bi maganar liman.

"Mutanen gida sun tsai da shari'a," in ji shi, "ni in tsaya gaban Ubangiji da rabin alwala? Mi za ni ce mashi?"

Na karanta lissafi da labarin ƙasa, amma ba ni da abin da zan ce wa wan uwata a kan sallarsa. Na sha zuwa bakin teku in zauna ina jin haushinsa ina jin tausayinsa, in dawo in tarar da shi tsugune gaban jarka.

Ranar da za a fitar da jirgin farko daga mazubi, aka buga 'yan katakai a gefe, aka zuba ruwa a tsakani, sai ya yi wata ƙara ya ɗago, fari fat yana ƙyalli. Piyar ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da gindin sukudireba yana saurare, ya ce ya yi. Kowa ya tafa ban da Kawu, don a lokacin yatsunsa na dama sun kumbura har sun fara baƙi. Aka ci gaba da aiki, aka haɗa rufin sama da gindin jirgin, aka ɗaura dalma, kafintoci suka shiga yin gadaje. Kawu kuwa yana kwance a ɗaki zazzaɓi na kaɗa shi.

Na je wa Si Hamadi na ce a kai shi asibiti. Ya ce asibiti za su nemi takarda, su kira 'yan sanda, a kama mu, shi kuma a rufe masa rumfa. Ya kawo wani mai kemis ya yi allura ya naɗe hannun da bandeji. Na koma, ya ce gobe. Na durƙusa masa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba sai iyayena, ya shige ofis ya ja ƙofa. Ban san hanyar asibiti ba, ba ni da bakin yin bayani, ga tsoron 'yan sanda ya cika ni. Ɗakin ya fara wani wari da ya danne na rezin. Ruwa ma ya gagari hannun, sai dai in ɗauko wani dutse da na tsinto a bakin teku in taimaka masa ya yi taimama. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ne kamar a kwanakin nan.

Piyar ne ya leƙo wata safiya yana neman mu, warin ya tare shi a ƙofa. Bai yi shawara da kowa ba, ya sa muka ɗauki Kawu zuwa motarsa. Likita ya ce akwai ciwon suga a jikinsa wanda bai san da shi ba, shi ya hana mikin warkewa, kuma an makara. Aka yanke hannun dama daga wuyan hannu. Na hagu ya tsira, sai dai yatsun sun ƙage ba su dunƙulewa sosai. Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon bandejin, abin da ya fara tambaya shi ne ko la'asar ta yi.

Si Hamadi bai yi ƙarya ba, 'yan sanda sun zo. Sun bari sai da mikin ya kama, sannan suka ɗauke mu zuwa gidan tsare baƙi. A hanya motar ta bi ta bakin teku, na hango jirgin a kan ruwa, farin ƙyallensa cike da iska, ya ɗan karkata yana tafiya ba ƙara ba hayaƙi. Na taɓa Kawu na nuna masa. Ya duba ya ce ashe dai yana tafiya. Ban taɓa ganin abu mai kyau da na tsana kamarsa ba.

Jirgin sama ya zube mu a Kano daga mu sai kayan jikinmu. Wasu 'yan Zamfara da muka samu a tasha suka ji hausarmu, suka saka mu a mota. Tun daga Gusau na fara ganin abin da ban gane ba. Wani ɗan kasuwa da ke zaune kusa da Kawu ya dubi dungun, ya ɗauke jakarsa daga tsakaninsu ya rungume ta. A tashar Kaura Namoda mai shayi ya tambaye ni daga ina, na ce daga ƙasar Larabawa. Ya dubi hannun Kawu ya ce Allah ya shirye mu baki ɗaya. Shi ne ya gaya mini cewa bayan tafiyarmu an yanke wa wani hannu a jihar nan saboda sata, na dama, daga wuyan hannu, kuma kowa ya san Larabawa sun riga mu yin haka.

A Dauran an tarbe mu da kyau. An yi mana barka da hanya, an kawo fura, an ce Allah ya sa kaffara ne. Ba wanda ya ce Kawu ɓarawo ne, don haka ba wanda zan yi wa musu. Sai na kama ba da labari ba a tambaye ni ba, a majalisa, a bakin rijiya, har a kasuwar Zurmi. Ina cewa jirgi ne da aka yi da ƙyalle da danko, yana da gado da murhu, iska ke tura shi, masu shi ba su zuwa ko'ina. Mutanen da ba su san wani jirgi ba sai kwalekwalen fito da damina suka riƙa gyaɗa kai suna cewa ikon Allah. Ina faɗa ina jin yadda labarin ke kama da ƙarya a kunnena ni kaina. Wani abokina ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da kaina, kowa ya san dole ɗa ya rufa wa kawunsa asiri.

Damina ta yi kyau a shekarar, gero ya cika gari, aka yi ta gina rufewa. Idon Kawu da bakinsa suna nan, ya iya tsayawa ya nuna wa matasa yadda ake tada wuya, amma ba wanda ya kira shi cikin gidansa. Yakan zauna a ƙofar gida ya ɓoye hannun cikin riga.

Wata Juma'a na raka shi masallaci. Muka tsuguna a wajen alwala, ni ke riƙe da buta don shi ba ya iyawa. Kusa da mu akwai Malam Jabbi, maƙwabcinmu, wanda duk rufewar gidansa Kawu ne ya gina. Ya gaishe mu da fara'a, ya tambayi jiki. Da ya tashi shiga ya ajiye takalmansa a bakin ƙofa kamar kowa, sai ya waiwayo ya dube mu, ya dawo ya ɗauke su ya sa a hammata. Na buɗe baki zan soma labarin jirgin. Kawu ya ga abin da na gani. Ya ja hannun riga sama da ƙagaggun yatsunsa, ya miƙo mini dungun.

"Bari, Lawali," in ji shi. "Zuba mani. Yanzu dai babu abin da za ya tare ruwa."

Na zuba.